Nababa Ya Shafa wa Rana Makuba

Aina'u ƙawata, ki ajiye abin da kike yi ki zauna. In tuwo ne a kan wuta ki sauke shi, don na san ki, dariya za ta sa ki bar shi ya kama. Tun da kika koma Ungogo nake tara miki labarai, amma wannan ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na ari biron maigidana Malam. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a bayan buhun taki da tsofaffin littattafan yara na koye shi.

Kin san Rumaisa, autata, tana digiri na biyu a jami'a a birni. To farkon bazarar bana ta zo gida da wani kwali, ta rungume shi kamar mai ɗauke da ƙwai. A ciki gilasai ne guda uku, baƙaƙe, kowanne bai kai faɗin faifai ba, da wayoyi bibbiyu a gefe. Ta ce sabon nau'in sola ne. Irin wadda ke kan rijiyar burtsatsenmu nauyi gare ta da tsada. Wannan kuwa wani sinadari ake shafa wa gilashi, ko ɓawon albasa ya fi shi kauri, kuma yana kama rana ya mayar da ita wuta sosai. Aibinsa ɗaya ne, ba ya daɗewa. Danshi ya shige shi ya lalace, zafi ya yi masa yawa ya lalace. Aikinta shi ne ta gano yadda za a liƙe shi ya jure.

Biyu an liƙe bakinsu da tsohon gam ɗin da kowa ke amfani da shi. Na ukun, mai ɗigon jan fenti a kusurwa, da haɗinta na kanta ta liƙe shi, shekara guda tana fama da shi. Kwana arba'in za su yi a ranar ƙauyenmu. In na ukun ya kai da ransa, ta gama karatu. In ya mutu, sai ta sake wata shekarar daga farko.

Nawa aikin ba shi da yawa. Da safe in goge su da busasshen tsumma. Kafin azahar in maƙala musu wata 'yar mita, in rubuta lambar da ta nuna a littafi, da duk abin da ya faru ranar. Ta kuma bar min takarda da manyan baƙaƙe don kada in manta.

Muna cikin wannan bayani sai ga sallama. Nababa ne, ƙanin Malam. Ba ki san sabon sunansa ba, yanzu Injiniya yake. Dalili kuwa, lokacin da aka zo kafa solar rijiya, shi ya riƙe wa masu aikin tsani kwana huɗu. Tun daga nan babu abin da ke da waya ko kusa a garin nan da ya tsira daga hannunsa. Keken ɗinkin Malam Abdulmumini tela ya gyara, har yau in aka taka shi baya yake ɗinki.

"Matarmu, me aka kawo mana daga birni?"

Na ce, "Abin da ba naka ba, Injiniya."

Rumaisa ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baffa, aikin makaranta ne. Sunansa ferobskait."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Farin biskit. Na san shi."

"Ferobskait, Baffa."

"Abin da na ce ke nan. A Legas muka fara kafa shi."

Na ce, "Yaushe ka je Legas? Kai da ko Dawanau in za ka sai ka yi wa matarka Hure wasiyya."

"A waya muka yi aikin."

"To in fari ne, me ya sa yake baƙi?"

"Toya shi aka yi. Ke dai tsaya a kan tukunyarki."

Aka shimfiɗa su a kan rumfar bayan gida, wadda muke haɗaka da gidan Nababa, don nan ne rana ke wuni. Duk ukun lamba sha takwas suka nuna. Rumaisa ta koma makaranta. Malam ma zai koma Dawanau wajen harkar wakensa, sai Juma'a yake zuwa. Yana kan babur ya juyo ya ce, "Nababa, ka riƙa leƙawa." Aina'u, da na san abin da wannan magana za ta haifar, da na riƙe babur ɗin har sai ya janye ta.

Kwana na tara na tafi suna Makoɗa. Ina dawowa da hantsi na hango bayan gidanmu yana walƙiya kamar an buɗe shagon kwanuka. Madubi shida Nababa ya tara. Na jikin sif ɗin matarsa Hure, na wanzami, biyu na babur, ɗaya na wata amarya, ɗaya kuma ban san inda ya samo ba, don har yau mai shi yana cigiya. Duk ya tokare su da duwatsu, ya haska su a kan gilashi na farko. Mazan majalisa sun ɗauko tabarmarsu sun dawo gindin rumfa suna kallo.

"Zo ki gani, matarmu! 'Yan boko rana ɗaya suke ba shi, ni na ba shi bakwai. Sa mitar!"

Na sa. Ashirin da shida. Gaskiya ni ma sai da na ce ko dai mutumin nan yana da wani abu a ka. Ya dinga zagaye rumfa yana buga ƙirji. Ya ce kafin damina injin markaɗe zai tayar da shi, bayan sallah kuma zai ja wa Makoɗa wuta kyauta, amma sai sun zo sun roƙa.

Na ce, "Rumaisa fa ta ce ba ya son zafi."

"Abin da aka yi don rana, a ce ba ya son zafi? Kin taɓa ganin kifin da ba ya son jiƙewa?"

Yana cikin haka ya juya madubin wanzami don ya ƙara gyara saiti. Daidai lokacin Malam Abdulmumini ya ɓullo ta lungu yana kore jakinsa, mangala cike da taki za a kai gona. Hasken ya soki jaki a ido. Jakin nan ya yi wani kuka, ya yi tsalle da ƙafa huɗu, ya nufi majalisa. Maza suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar hula. Ya juye mangalar nan kaf a tsakiyar tabarma, a kan farantin goro, ya wuce abinsa.

Malam Abdulmumini ya tsaya riƙe da sanda. "Injiniya, wutar ce ta fara zuwa?"

"Gwaji ne. Ka ga ƙarfinta har dabba ta ji a jikinta."

"To ka zo ka kwashe gwajin ka kai min gona."

Na tattara madubai na mayar wa masu su, amma aikin gama ya gama. Gilashin ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Bayan kwana uku bakinsa ya fara sauya launi, baƙin ya dinga gudu, rawaya ta dinga shigowa. Lamba ta sauko bakwai, ta sauko uku. Na rubuta komai a littafi, har da jakin.

Na ɗauka kunya za ta kama shi. Ina! Sai ya dawo da hannu a haɓa, ya ce ya gano cutar. Zazzaɓi ne, kuma zai kare na biyun kafin shi ma ya kamu.

Ranar ina sallar la'asar, na yi raka'a ɗaya, sai na ji ƙarar ruwa a bayan ɗaki. Shaaa. Na ce a raina ko Hure ce ke ban-ruwan zogale. Na sake ji. Shaaa. Sai muryar Nababa yana cewa, "Sha, sha, ka huce." Aina'u, Allah Ya yafe min, ban san raka'a nawa na yi ba, sai da na yi ba'adi. Ina sallamewa na fita da hijabi a karkace. Ya samo buhun gyaɗa ya jiƙa shi sharkaf, ya naɗe gilashi na biyu ta ƙasa da gefe kamar yadda muke naɗe randa don ruwa ya yi sanyi, yana ta zuba masa da buta.

Na ɗauko takardar Rumaisa na sa masa a hanci. "Karanta nan. BA YA SON RUWA."

"Ai ba shi na ba ruwa ba. Buhu na ba."

"Buhun kuma wa ya ba?"

"Wannan tsakaninsu ne."

Na cire buhu, na goge, na shanya. Washegari na tarar ya mayar. Kajin unguwa kuwa suka gano inda sanyi yake, suka koma ƙarƙashin rumfa da zama, har wata ta yi ƙwai a kan takalminsa, ya ce alamar albarka ce. Kwana huɗu, ruwa ya sami hanya ta bakin tsohon gam ɗin nan. Na biyu ma ya bi ɗan'uwansa, ya yi rawaya.

Na kira Rumaisa na gaya mata. Ta ce, "Inna, na ukun. Don Allah, Inna, na ukun." Muryarta kamar lokacin da take ƙarama in ta yi zazzaɓi. Na ce in sha Allahu.

Juma'a da Malam ya zo na kai ƙara. Ya ce, "Ki bi shi a hankali, ƙanina ne. Zan yi masa magana." Ya fita da fuska a ɗaure. Bayan awa guda ya dawo yana murmushi, ya ce, "Amma fa yaron nan akwai basira, kin ji bayanin da ya yi min?" Na duba sama, na ce hasbunallahu.

Ana saura kwana takwas sai ga Nababa da takardar Rumaisa a hannu, ya zare ta daga jikin ƙofa. Karatunsa na boko a aji uku ya tsaya, ido kuma ya fara rauni, amma ya ce tabarau na tsofaffi ne. Ya miƙa takardar can nesa iya tsawon hannu, ya kai layin ƙarshe, inda yarinyar ta rubuta: Babbar matsalarsa ita ce rashin ɗorewa.

Ya daka tsalle. "Allahu akbar! Ashe yarinyar ta faɗa, mu ne ba mu karanta ba! Rashin ɗorawa!"

Na ce, "Ɗorewa. Wato ya daɗe, ya yi ƙarko."

"Ɗorawa."

Na ɗora yatsa a kan baƙin. "Duba da kyau. Wannan mai buɗe baki ne ta dama, e ke nan. Da a ne, da ya jingina da sanda."

"Matarmu, a da e ai uwa ɗaya uba ɗaya ne. Masu babban ilimi ba sa bambanta su. Hure! Zo nan!"

Hure ta fito da muciya a hannu.

"Dubi gilasan nan biyu da suka mutu. Wane launi suka koma?"

Ta leƙa. Baiwar Allah, ba ta san tarkon da ake ɗana mata ba, ta ce, "Ruwan ɗorawa."

"Kun ji! Ruwan me? Da bakinsa yake kiran maganinsa har ya mutu, babu wanda ya ji shi!"

Ya kwashi maganar ya kai majalisa, ni ina jin su ta kan katanga. Malam Abdulmumini ya ce, "To Turawan da suka ƙera shi, a ina suka ga ɗorawa?"

"Shi ya sa ya gagare su! Ba su da ita! Katangar kakanmu shekara sittin ruwa na dukanta, me ya riƙe ta? Makuba. Daɓen ɗakin uwarka me ya sa yake sheƙi har yau? Makuba. Makuba daga ina? Kwasfar ɗorawa. Su suna can suna kashe kansu da bincike, magani yana nan awakinmu suna taunawa."

Rabin majalisa suka ce wannan magana akwai ƙamshin gaskiya. Mai shayi har ya ba shi kofi kyauta.

Kin san bazara ce, ɗorawa ta nuna. Ya hau ta gonar gado da kansa don ya ce sai ya zaɓo kwasfa mai daraja ta ɗaya. Reshe ya riƙe masa wando, ya kwashe rabin hantsi a rataye yana ba masu wucewa umarni, har aka kawo tsani. Ya jiƙa kwasfar a babbar tukunyar Hure, wadda take dafa dambun suna. Kwana biyu ruwan ya yi jawur ya koma baƙi, hannunsa ya rine har gwiwa, gemunsa ma ya samu rabo. Hure ta ce in ya sake taɓa mata tukunya, gidansu za ta tafi da murfin.

Ranar da zai yi shafe, na idar da walaha na zauna a kan dadduma ina tunani. Ruwa ne, ga shi baƙi mai tare haske. Kisa biyu ke nan a kwano ɗaya. In na hana shi da faɗa, zai jira in shiga kewaye. In na ɓoye gilashin a ɗaki, kwanakin rana sun yanke, aikin yarinya ya tashi a banza. Ina cikin haka idona ya faɗa kan kabet ɗina, wanda Malam ya saya min shekarar da aka yi gyaɗa. Ƙofarsa ta sama gilashi ce, mai zanen jan fure a tsakiya. Na tashi na auna ta da tafin hannu. Kusan ɗaya.

Na fita na same shi ya naɗe hannun riga. Na ce, "Injiniya, tun da kake ka taɓa ganin namiji yana daɓe? Makuba aikin mata ne. Kuma waɗanda ka riƙe wa tsani, babbansu ka ga ya taɓa siminti?"

Ya ce, "Nunawa kawai yake yi da yatsa."

"To kawo in yi maka shafen farko a inuwa, kai ka duba aiki."

Ya miƙo min kwanon makuba da na ukun kamar mai ba da kyautar doki. Na shige ɗaki na rufo ƙofa. Na kwance gilashin kabet da bakin wuƙa. Na ciro wayoyi biyu daga matacciyar rediyon Malam, wadda shi Nababan ya gyara, na manna su da ƙaro. Na yi shafe uku, fure ya ɓace. Na gaske kuwa na sa shi a ƙasan tire na rufe da tattasai, na hau soro da shi, na kwantar da shi a bayan rawanin gini inda rana ke wuni, ido kuma ba ya kaiwa.

Da ya bushe na kai masa, na ce, "Ga abin da na shafa." Ki lura da kyau, Aina'u, ban ce ga solarka ba. Abin da na shafa na ce. Na dai yi istigfari duk da haka, don na san me zuciyata ta nufa.

Ya ƙara masa shafe huɗu, ya ce a sa mita. Sifili.

"Mitar ta ruɗe. Ƙarfin ya wuce lissafinta, ta zagayo ta dawo farko."

Ya kama wayoyin nan biyu ya ɗora a harshe. Kin san ɗacin makuba. Fuskarsa ta yamutse, jikinsa ya yi wani bari, ya ja da baya. "Kai! Ta ja ni! Kada wanda ya matso, akwai wuta!"

Kafin yamma ya bi gida-gida ya tara waya goma sha ɗaya zai yi musu caji. Har da tawa, don ya ce in ban ba shi ba, ban yarda da aikin hannuna ba ke nan. Ya ɗaure su da tsumma a jikin wayoyin rediyo. Malam Abdulmumini kaɗai ya hana tasa, ya ce keken ɗinki ya ishe shi darasi. Kullum masu waya su zo, kullum ya ce, "Cajin makuba a hankali yake shiga, amma in ya shiga ba ya fita. Har jikokinku." Wayoyi suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce barci suke, a cikin barci jiki ke ɗaukar ƙarfi.

Ni kuma ga ni da shekaruna ina hawa tsani sau biyu a rana, mita a ƙulle a bakin zani. Hure ta ce, "Yaya, wannan tattasan naki ba ya bushewa ne?" Na ce, "Juya shi nake." Kuma ina juya shin. Ba ni da wayar da zan sanar da Rumaisa, irin wannan magana kuwa ba a yin ta a wayar aro.

Ranar arba'in ta faɗo Juma'a. Nababa ya yi shela cewa bayan masallaci kowa ya zo, malamar jami'a za ta zo ɗaukar darasi a wurinsa. Ya shimfiɗa tabarmi, ya ari hular kwano ta ɗan acaɓa ya kifa a ka, ya kawo 'yar fankar Hure mai caji wadda ta mutu tun azumi, ya ɗora a kan turmi. Mata muka tsaya ta bakin danga.

Mota ta tsaya. Rumaisa ta fito da malamarta, Dakta Tahira, wata doguwar mata mai fara'a da jakar hannu. Rumaisa ta dubi rumfa. Biyu sun yi rawaya, na ukun ya zama kamar gindin tukunya, wayoyin mutane na reto a jikinsa kamar layu. Na ga ta dafa mota. Na yi mata ido, na yi tari, na gyara mayafi, yarinyar nan ko kallona ba ta yi ba.

Nababa ya yi gyaran murya. "Jama'a, Hajiya Dakta, barka da zuwa. Abin da ya gagari Turai da Sin, yau an gama shi a bayan gidan nan. Ba na neman komai, sunana kawai za a sa a jiki."

Dakta ta ce, "Baba, me ka shafa masa?"

"Ɗorawa. Ɗalibarki ce ta rubuta, ni na aiwatar."

Ya kwance wayoyin mutane, ya haɗa da fanka, ya ce bismillah, ya danna. Shiru.

"Ku matsa, kuna tare masa rana."

Aka matsa. Shiru.

"Mai farar riga, kana kore hasken. Koma baya."

Ya koma. Shiru. Zufa ta fara gangarowa daga ƙarƙashin hular kwano, tana biyowa ta rinannen gemu tana ɗiga ja a rigarsa. Can sai wata 'yar iska ta taso daga gabas, fiffiken fanka ya yi rabin juyi.

"Ta tashi! Allahu akbar, ta tashi!"

Malam Abdulmumini ya ce, "Rigata ma ta motsa, Injiniya. Ita ma ka haɗa ta da waya?"

Aka kwashe da dariya. Nababa ya ce hassada ce, ya kama waya zai ƙara matsewa. Rana ta riga ta narkar da ƙaro, sai ga waya ta biyo hannunsa salin alin, da dunƙulen ƙaro a bakinta. Dakta ta karɓa, ta shinshina, ta juya gilashin ta duba bayansa, girarta ta ɗaga. Ta ce a ba ta cokali. Mai shayi ya miƙa. Ta fara kankara daga tsakiya, makuba na zuba, kowa ya miƙa wuya. Sai ga ja. Ta ƙara kankarewa. Sai ga kore. Sai ga furena, Aina'u, jawur da ganyensa biyu, yana kallon jama'ar gari.

Nababa ya sunkuya ya ƙura masa ido. Ni kuwa ina ta salati a zuci, na ce yau asirina ya tonu. Sai ya ɗago, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ya yi fure! Jama'a ku shaida, ya yi fure! Ɗorawa ta kama! Duk abin da ya yi fure ai 'ya'ya na tafe!"

Malam Abdulmumini ya ce, "To in ya yi kwasfa ka aiko mana, mu zo mu yi daddawar lantarki."

Nan fa aka zube. Mai shayi ya faɗi a kan tabarma yana dukan ƙasa. Wanzami ya riƙe ciki ya jingina da jakin da ya zo kallo. Malam ya ja hularsa ya rufe fuska. Masu waya goma suka yi wa Injiniya zobe kowa na ɗaga gawar tasa, shi kuma yana ja da baya yana cewa a ba fure kwana uku, har ya yi tuntuɓe da turmi ya zauna daɓas a cikin kwanon makuba.

Hure ba ta yi dariya da ƙarfi ba. Ta dubi furen, ta dube ni. Sau nawa ta taya ni goge kabet ɗin nan ranar sallah. Ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na rawa, ta shige gida.

Na kama hannun Rumaisa. Na ce, "Ku shigo ku sha ruwa, Dakta." Muna shiga na rufe ƙofa, na nuna musu tsani. Rumaisa ta ce, "Inna, ni ba na son komai." Na ce, "Hau ki juya min tattasai."

Ta hau, Dakta ta tattare zani ta bi ta, ni ma na bi. Ga shi nan a bayan rawani, baƙi wuluk kamar ranar da aka kawo shi, jan ɗigonsa a kusurwa. Na kwance mita daga bakin zani na miƙa mata. Ta maƙala. Sha bakwai. Daga sha takwas, kwana arba'in a ranar garin nan, ɗaya tak ya ragu. Yarinyar nan ta zauna a cikin tattasai ta rungume ƙafata tana kuka, tana atishawa, tana dariya. Na ce alhamdu lillahi, ki tashi kada ki shafa ido.

Dakta ta karɓi littafina tana dubawa a nan kan soro. Ta kai wurin da na rubuta, "Talata, madubi shida, lamba ashirin da shida, jaki ya zubar da taki," ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce ba a yi asarar biyun farko ba, tun da an rubuta rana da abin da aka yi musu, sun nuna yadda tsohon gam yake yi da zafi da danshi, kuma zai shiga cikin aikin. Ta ce da sauran tafiya, sai an sake gwada wasu da damina kafin a yi murna da yawa, amma Rumaisa ta haye. Na ce in za a kawo na damina, a shigo da su a cikin buhun tattasai.

Suka fita da shi a kwali, ba wanda ya lura, don a waje ana can ana ciro Injiniya daga kwano.

Har yau Nababa bai sani ba. Ya ce makubar ce ta yi kauri, ta cinye biskit ɗin ta bar fure, kuma yana nan yana haɗa mai ruwa-ruwa. Da ya ji Rumaisa ta ci jarrabawa, ya ce madubansa ne. Gilashin kuwa ya wanke shi tas ya rataye a zaurensa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Kullum ta gabansa nake wucewa, ina ganin ƙofar kabet ɗina, ba halin in ce a ba ni. Na rataya wa gurbin ƙyalle mai leshi. Jiya Malam ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Wannan labulen fa?" Na miƙa masa fura na ce ya sha kafin ta tsinke.

Mu huɗu muka sani, ni da Rumaisa da Dakta da Hure, ke ce ta biyar. Don girman zumuncinmu, Aina'u, in kin gama karantawa ki cusa takardar nan a murhu. Kada ki gaya wa kowa, ko maigidanki, don yana sayen wake a wurin Malam, kuma damina ta kusa, ina da sauran hawa soro.